Sawun Gindin Randa

A gidajenmu na tsohon garin Agadas rairayi ne shimfiɗa. Sau biyu ko uku a shekara mai amalanken jaki yake kawo mini sabo daga korin Telwa, busasshen rafin nan da ke gefen gari, in baza shi a tsakar gida, in bi shi da tsintsiya har ya kwanta sumul. Mahaifiyata ce ta koya mini jan tsintsiya yadda za ta bar zane siri-siri kamar kitso. Takan ce baƙo kafin ya dubi fuskar mace, ƙasar gidanta yake dubawa. Na tashi da wannan magana a kunnena, kuma ita ce ta kusa raba ni da abin da na fi so a duniya.

Ni tela ce, ɗinki nake yi a gida. Amma tun ina lakwal, makarantar boko, abin da ya fi cin raina shi ne littattafan soyayya, irin waɗanda direbobi ke hawowa da su daga kudu, murfinsu duk ya tattare saboda yawan hannu. A cikinsu na fara sanin cewa namiji yana iya rubuta wa mace shafi uku a kan idanunta kaɗai. Na sa rai ƙwarai cewa nawa rabon ma haka zai kasance.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, makaniki ne. Wata huɗu da aurenmu aiki ya kai shi Bilma, ya shekara biyu a can yana gyaran manyan motoci. Lokacin babu salula. Idan direba zai taho sai ya yagi takarda daga kaye, littafin rubutu, ya rubuto mini, ya naɗe ta a cikin ƙullin dabino. Wasiƙu goma sha ɗaya na samu a shekara biyun nan, kuma babu wadda ta cika shafi. “Na iso lafiya. Ruwan nan da gishiri. Ki ci dabinon kafin ya yi tsutsa.” Irin wannan ke nan. Ni kuwa in zauna in cika masa shafi huɗu, da wata da taurari da zuciya mai tafasa. Da ya dawo na tambaye shi ko ya karanta. Ya ce ya karanta, amma bai gane wa ke tafasa ba. Na yi fushi na kwana biyu.

Duk da haka na adana su. Na sa su cikin batta ta fata, irin wadda dukawan garinmu ke yi da zane ja, tare da abin wuya na azurfa da ya sa maƙeri ya ƙera mini bayan na haifi ɗiyarmu. Da ya rasu, ɗiyar kuma ta yi aure ta koma Cirozerin, battar nan ta zama abokiyar hirata. Ba kullum nake buɗe ta ba. Sanin tana ƙasan akwati ya ishe ni.

Shekara shida da rasuwarsa, a ƙarshen bazara, lokacin da kowa ke gaggawar yi wa katangarsa yaɓe kafin ruwa, aka yi suna a wata unguwa. Ni da maƙwabciyata muka tafi da hantsi, ba mu dawo ba sai bayan azahar. Na tarar da kwaɗon ƙofa yana lilo. Keken ɗinkina yana nan, atamfofin mutane suna nan. Akwati ne a buɗe, an zazzage shi, battar babu.

Maƙwabciyata ta fi ni natsuwa. Ta ciro salula ta kira komisariya, ofishin 'yan sanda, sannan ta ce, “Yaya, sun ce ga su nan zuwa. Bari in duba nawa gidan.” Ta fita ta bar ni.

Na tsaya a tsakar gida. Sai idona ya faɗa ƙasa. Rairayin duk an tattake shi, ga ɓawon albasa da na bari da safe don sauri, ga kashin kaji, ga sawu ko'ina. Kuma baƙi na tafe, maza, ma'aikatan gwamnati. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya kai ga tsintsiya. Na share daga bakin ɗaki har zaure, na kwashe sharar a tsohon bokiti, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarma, na ɗora shayi. Ina kuka ina yi.

Su uku suka zo, da ƙafa, don mota ba ta shiga lungunmu. Na gaba dogo ne mai tabarau da kaye a hammata, sauran suna ce masa Shef. Na biyu dattijo ne ɗan siriri, mai muƙamin birgadiye, mutumin Iferwan, wanda daga baya na ji a bayan raƙuma ya girma. Ta ukun yarinya ce da ba ta kai ɗiyata ba, ta ɗaure kallabi a ƙarƙashin hular aiki.

A bakin zaure dattijon ya miƙa hannu ya tare su. “Kowa ya tsaya inda yake.” Ya sunkuya yana duban ƙasa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗago a hankali.

“Allahu akbar. Hajiya, wa ya yi wannan kyakkyawan aiki?”

“Ni ce, Baba,” na ce, har da ɗan jin daɗi a cikin kukana.

“Madalla. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɓarawon da aka yi wa gata irin wannan ba. Saura ki bi shi da turare.”

Shef ya cire tabarau ya murza idanu. “Madam, duk abin da ya rubuta mana a ƙasa kin goge shi.”

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Na zauna a kan tabarmar da na shimfiɗa musu, na rufe fuska da gyale. Ni da hannuna na share hanyar da za ta kai ni ga battata.

“Shef, a dakata tukuna,” in ji yarinyar. Ta zo ta durƙusa a gabana. “Inna, kin share gindin randa?”

“Wa ke share gindin randa da jiƙa? Ai tsintsiyar ce za ta yi laka.”

“Na sani. Uwata ta sha ranƙwashina a kan haka.”

Ta bi gefen katanga a kan yatsun ƙafa har kusurwar da randata take, ƙarƙashin rumfa. Moɗar tana yashe a ƙasa, ba a kan murfi ba inda nake ajiye ta. A cikin danshin rairayin kuwa ga sawu ɗaya, cikakke, kamar an buga hatimi. Zafin rana ya sa ɓarawon ya tsaya shan ruwa.

Dattijon ya tsuguna a gaban sawun nan kamar mai gaida babba. Ya ce takalmin taya ne, na hagu, dunduniyar ta cinye ta gefen waje, kuma an ɗinke maɗaurin da waya, ga alamarta. Shef ya ajiye bik, alƙalaminsa, kusa da sawun ya ɗauki hoto.

“Hajiya, ina sharar?”

Na nuna bokiti. Ya nemi rariya, na ba shi ta tankaɗen garina. Ya zauna yana tankaɗe sharar gidana a gaban idona, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɓawon albasa ya rage a rariyar, da zare, da gashin kaza. Sai ya tsinto wasu ɓarɓashi jajaye ya murza su.

“Yaushe rabonki da yaɓe?”

“Shekara uku.”

“To wannan lakar ta yau ce, ko cikinta bai bushe ba. Daga jikin mutum ta faɗo.” Ya dubi Shef. “Mai yaɓe ne. Daga kan katanga ana ganin wa ya fita, wa ya kulle ƙofa.”

“Rabin garin nan yaɓe yake yi a wannan wata,” in ji Shef.

“Ai shi ya sa Allah ya ba mu ƙafafu.”

Suka zauna, tunda shayin ya riga ya nuna. Shef ya buɗe kaye don rubuta rapor, wato rahotonsa, ya tambaye ni me aka ɗauka. Na ce batta ɗaya, da azurfa a ciki. Ya ce sai me? Na buɗe baki, sai na ji nauyi. Mace mai jika, gaban maza biyu baƙi, ta ce wasiƙun mijinta take yi wa kuka? Na ce shi ke nan.

“Bon. Yaya azurfar take?”

“Tana nan kamar tauraruwar asuba idan ta...”

Bik ɗin ya tsaya. “Madam, tauraruwar asuba ba ta shiga rapor. Tsawonta nawa?”

Yarinyar ta ɓoye dariya a kafaɗa, ta kama hannuna ta ce in zana a ƙasa. Na zana a kan rairayin da na share: zobe a sama, kusurwa uku a ƙasa. Na zana bayanta ma, inda maƙerin ya sa alamarsa, da ɗigo uku a jere da maigidana ya ce a ƙara, shi da ni da jaririya. Shef ya ɗauki hoton wannan ma. Da za su fita ya ce in yi addu'a kada a narkar da ita kafin su iso gare ta.

Kwanakin da suka biyo baya ban ga aikinsu da idona ba, labari nake ji. Shef ya bi rumfunan maƙera ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu hoton zanena, ko'ina sai an ba shi shayi, har ya ce cikinsa ya zama buta. Dattijon kuma yana yawo a lunguna inda ake kwaɓa laka, hannu a baya, kai a ƙasa, kamar wanda allurarsa ta ɓace. Yarinyar ta shiga gidaje wajen mata. A nan ta gano ba ni kaɗai aka yi wa ba. Wata 'yan kunne, wata salula, wata zoben uwarta, kowace ta yi shiru don tana zargin na gida, ba ta son tonon asiri. Kuma duk gidan da abin ya faru, an yi yaɓe a maƙwabta a wannan mako.

Ita ce ke biyowa ta wajena bayan la'asar. Ran kwana biyar ta ga kwalin littattafaina a gefen keke.

“Kai, Inna! Ashe ke ce gwanar?” Ta ɗauki ɗaya tana jujjuyawa. “A ƙarshe yana aurenta?”

“Karanta ki gani, ɗiyata. Ba a tambayar ƙarshe.”

Ta sa shi a jaka. “Ni kuwa zan tambaya. Kwana biyar ke nan, kullum in na shigo cewa kike, an ga battar? Ba ki taɓa cewa an ga azurfar ba. Me ke ciki?”

Na tsayar da keken. Na faɗa mata duka, har da tsutsar dabino. Ba ta yi dariya ba. Na roƙe ta kada ta gaya wa mazan.

“Ba zan faɗa ba,” ta ce, “sai in ya zama dole.”

Ran kwana takwas, Asabar ce, aka aiko in je komisariya. Ashe azurfar ta faɗa hannun ɗan maƙerin da ya ƙera ta. Yana juya ta ya ga alamar mahaifinsa da ɗigo uku, sai ya ce wa mai sayarwar wuta ta mutu, ya bar ta ya dawo gobe, sannan ya aika wa su Shef. Da ya dawo, dattijon na zaune a ƙofar rumfa yana shan shayi. An ce bai ma dubi fuskar mutumin ba. Ƙasa ya duba bayan ya wuce, ya ajiye kofi ya ce, “Shef, ga baƙon Hajiya.”

Na gan shi zaune a kan benci a baranda. Na san shi. Shi ne ya gaishe ni daga kan katangar maƙwabta a farkon watan, har na miƙa masa ruwa. Bai ɗago kai ba. Na zaci in na ga ɓarawona zuciyata za ta yi wuta kamar yadda ake rubutawa, amma ban ji komai ba sai gajiya.

Azurfar na kan tebur, ɗigonta uku lafiya lau. Na yi godiya, na yi addu'a, idona kuwa yana yawo a kan teburin.

“Battar fa?”

“Ya ce tun ranar ya jefar da ita a kori,” in ji Shef, yana miƙo mini takarda in sa hannu. “Batta ce kawai, Madam. Akwai irinta a kasuwa.”

“Haka ne,” na ce.

Na karɓi bik ɗin na sa hannu. Yarinyar na tsaye a bakin ƙofa tana kallona, kallon tambaya. Na sunkuyar da kai. Ina fita na ji muryarta a bayana: “Shef, akwai wata magana.” Na ƙara sauri don kada in ji sauran.

Duk ɗan Agadas ya san halin Telwa. Ko ɗigo bai sauka a gari ba, in aka yi ruwa a kan duwatsun arewa, sai ka ga kori ya taho da ja-jan ruwa ya kwashe duk abin da ya tarar. Kwana biyu ke nan hadari na taruwa a can, baƙi ƙirin. Na san abin da hakan ke nufi, na ce wa zuciyata ta haƙura.

Washegari Lahadi, da hantsi, maƙwabciyata ta faɗo gidana ko sallama babu.

“Yaya, tashi ki ga ikon Allah! 'Yan sandanki suna kori tun safe, suna tonon bola kamar masu neman zinariya!”

Na yafa gyale na hau kabu-kabu. Daga kan gaɓa na hango su. Babu mai kayan aiki a cikinsu. Shef ya naɗe ƙafar wando, yarinyar da zane da silifa, dattijon ya naɗa rawani. Ba yawon banza suke ba, an raba musu ƙasa. Dattijon ya ce iskar makon daga gabas take, don haka takarda yamma za ta yi, ƙaya ta kama ta. Shef aka ba layin ƙayoyi, yarinyar aka ba gefen juji, shi kuma ya ɗauki hanyar da awaki ke bi tsakanin goruba.

“Hajiya, tsaya nan!” ya ɗaga murya da ya gan ni. “Kada ki sauko. Kuma in kin zo da tsintsiya, ajiye ta a can!”

Na zauna a gindin wata goruba. Rana ta take, iska mai ƙanshin ruwa na kaɗowa daga arewa. Lokaci-lokaci ɗayansu ya sunkuya ya ɗago wani abu fari, gabana ya faɗi, sai ya zama leda ko takardar ƙunshin ƙosai. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Yarinyar ce ta fara ihu. Ta ɗago battar sama da hannu biyu. Cikin kaba ta same ta, murfin a gefe, da wasiƙu uku da suka maƙale a ƙasanta. Sauran iska ta ɗauka. Suka ci gaba. Can wajen azahar Shef ya fito daga cikin ƙaya hannayensa duk karce, riƙe da guda biyu. Har in mutu ba zan manta yadda ya kawo su ba. Ya riƙe su a ninke, ya miƙa hannu nesa da jikinsa, ya kau da fuska gefe yana kallon sama, don kada idonsa ya faɗa kan ko kalma ɗaya.

“Kayanki, Madam,” ya ce, bai dube ni ba.

Dattijon ne ƙarshe. Ya taho yana kaɗa rabin takarda, gefenta duk tabon haƙori.

“Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ni ba tabarau ba na ganin rubutu. Akuya ce dai ta karanta wannan, kuma da alama ta yi mata daɗi.”

Biyar da rabi daga cikin goma sha ɗaya. Na haɗa su na danna a ƙirji. Duk kalmomin da na tara daga littattafai shekara da shekaru, babu wadda ta zo mini. Na ce, “Allah ya saka,” na sake cewa, “Allah ya saka.”

Bayan la'asar ruwan ya iso. Gari ya fito kallo kamar yadda aka saba kowace shekara. Na tsaya cikin mutane, battar a ƙarƙashin gyalena, ina kallon ja-jan ruwa yana hawa kan kabar nan har ya rufe ta.

Damina ta wuce, sanyi ya fara shigowa. Wata safiya yarinyar ta zo ta dawo mini da littafi na huɗu da ta ara, ta ce za a ba su takardar yabo su uku, a gaban jama'a, kuma Shef ya ce lallai a gayyace ni.

Na sa lallausan leshina, na rataya azurfata. Farfajiyar komisariya an share ta fes, an yayyafa ruwa, an kafa rumfa da kujerun roba. Dattijon ya hango ni ya taho cikin kayan sarki masu guga, wuyansa na yawo a cikin rigar.

“Kin gani, Hajiya? Yau mu ma mun share. An ce baƙi na tafe.”

Akwai iyalansu, akwai maƙera da rawunansu, akwai matan unguwarmu da aka mayar wa kayansu. Komiser, shugabansu, ya yi jawabi da Faransanci, ya maimaita da Hausa. Ya ce an yaba musu ne saboda binciken da ya kawo ƙarshen sace-sacen tsohon gari, da kuma yadda suka yi aiki kamar yatsun hannu ɗaya. Aka kira su ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta ƙame ta sara, uwarta ta rangaɗa guɗa daga baya har komiser ya yi murmushi. Da aka ba Shef dama ya yi magana, bai daɗe ba.

“Ni rubutu na yi, na kuma sha shayi,” ya ce. “Ita ce ta san inda mata ba sa sharewa. Shi ne ya san abin da ƙasa ke faɗa. Da ni kaɗai ne, da na koma tun daga zaure.”

Aka tafa. Ni kuwa ina ta jira in ji an ambaci ranar Lahadin nan, da ƙaya, da juji, da hadari a kan duwatsu. Har aka yi addu'ar tashi ba wanda ya ambata. Abin ya tsaya mini a rai. Da mutane suka watse wajen lemo, na same su su uku a inuwar bango suna duba takardunsu.

“Shef, ba a faɗi kori ba.”

“Ba ya cikin rapor, Madam.”

“Don me? Ai shi ne babban aikin.”

Ya gyara tabarau. “Ba ki ce wasiƙu sun ɓata ba. Abin da ba a ce ya ɓata ba, ba a rubuta an same shi. Kuma da na rubuta, da sun zama shaida. Sai an ajiye su a ofis, sai alƙali ya buɗe ya karanta.” Ya ɗaga kafaɗa. “Na ga gara a bar su inda suke.”

Na daɗe ina kallonsa. Na zo musu da cuku da dabinon Bilma a ƙunshi uku, na miƙa, suka karɓa da godiya. Amma na ji bai isa ba. Gwamnati ta ba su nata, ni ban ba su nawa ba. Na sa hannu a jaka na ciro battar.

“Inna, ba sai kin...” in ji yarinyar.

“Bari, ɗiyata. Wanda ya shiga ƙaya don abu, ya kamata ya san mene ne.”

Na zaɓi rabin nan da akuya ta rage. Ban taɓa karanta wasiƙarsa a gaban wani mahaluki ba, ko ɗiyata. Na karanta musu abin da ya saura:

“Na ji an ce zafi ya yi yawa a gida. Ki riƙa rufe randa. Kuma don Allah ki daina shara da rana tsaka, ba wanda zai zo, in ma ya zo...”

“Daga nan akuya ta karɓa,” na ce.

Sai dattijon ya fashe da dariya, ya dafa bango, ya yi ta yi har hawaye suka zubo masa, ya goge da bayan hannu.

“Allah ya jiƙan maza! Hajiya, wannan bawan Allah tun daga Bilma ya hango mu. Da kin ji maganarsa, da kwana biyu mun gama!”

Shef ma ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. Yarinyar ce ba ta yi ba. Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta dubi rubutun nan mai karkata, da tabon man inji a kusurwa, ta daɗe.

“Inna,” ta ce a hankali, “duk littattafan da kika ara mini, babu wanda ya damu ko yarinyar na shara cikin rana.”

Na karɓa na ninke, na mayar cikin batta kusa da sauran biyar ɗin.

Dattijon ya yi ritaya a shekarar da ta biyo, ya koma lambunsa a Iferwan. Ya taɓa aiko mini da rumman ta hannun wani direba, ba tare da wasiƙa ba. Shef an yi masa canjin wuri. Yarinyar tana nan, tana zuwa aron littafi, kuma har yanzu sai ta tambayi ƙarshe.

Battar ba ta koma ƙasan akwati ba. Tana kan keken ɗinki, gefe ɗaya ya ɗan kumbura saboda ranar da ta sha a kori. Shara kuwa ina yi, don ba a raba ni da ita. Sai dai da sassafe nake yi yanzu, ko in bari sai inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Idan na kai gindin randa nakan duba ko murfin na rufe, sannan in kewaye wurin da tsintsiya in wuce.